Kwano Uku na Soyayyar Fara

Lauratu ta Jabo mace ce da ba ta san zama ba. Tun da mijinta ya rasu ita ke nome gonarsa, kuma duk garin babu mai hannunta a suyar fara. Shekarar da fara ta rufe sama daga Kebbe har Tambuwal, zamanin Turawa, gero ya ƙare a wuni biyu. Mutane na kuka, ita kuwa ta ɗauki buhu. Abin da ya cinye musu abinci, shi za su ci.

Da sanyin safiya ake kamun fara, kafin rana ta buɗe mata fiffike. Ran nan Lauratu ta tarar da ita zube a bakin fadama, motsi ma da ƙyar. Ta cika buhu tana hamdala. Ta fige, ta soya, ta kai kwano uku gidajen maƙwabta kafin ta sa ko ɗaya a baki, kamar yadda ta saba.

Ɗangiwa, ƙanin mijinta, ya shigo yana dariya. "Matar yaya, ƙamshi har masallaci, ni an mance da ni?" Sai dariyar ta tsaya. Kaji biyu da suka tsattsagi fiffiken suna kwance suna shure-shure.

"Ina kinka kamo ta?"

"Fadama."

"Innalillahi! Can anka watsa dusa mai guba jiya don kashe fara! Ba ki ji shela ba?"

A kasuwa aka yi shelar, ita tana gona.

Ta fita da gudu, ko mayafi babu. Gidan farko ba su taɓa ba. A na biyu, daga hannun tsohon gidan ta kaɓe kwanon. Na uku gidan 'yarta Zahara'u ne, mai cikin wata bakwai. Ta same ta a tabarma tana lasar yatsu, kwano wayam.

"Inna, lafiya? Ko ƙari kinka kawo min?"

Aka ɗura wa Zahara'u madara da ruwan gishiri, ta yi ta amai har muryarta ta dushe. Ita dai ta farfaɗo, amma cikin ya yi tsit. Kwana uku Lauratu na zaune, tafinta a kan cikin 'yarta, ko abinci ba ta ci, ungozoma na dubawa tana girgiza kai.

Rana ta huɗu da hantsi, wani abu ya ɗan harbi tafinta. Ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta kuma ɗauke hannun ba, sai da ya sake harbawa.