Madafar da Yaya Ya Tsara Mana Daga Jamus

Iska ce ta jawo mana wannan rigima. A farkon damina, wata rana bayan la'asar, hadari ya taso daga wajen unguwar Akwatialine. Kafin mu gama kwashe shanya, iska ta ɗaga rumfar kwanon da muke girki a ƙarƙashinta a bayan gida, ta kifa ta a kan katanga. Rumfar ta girme ni. Tsatsa ta cinye kwanonta, gara ta ci ginshiƙanta, don haka babu wanda ya yi mamaki. Ni har daɗi na ji a raina, don na daɗe ina cewa a sake ta. A tunanina, kwano sabo da katako kaɗan, sati guda an gama.

Sai na ɗauki hoton ɓarnar na tura wa Yaya, wana da ke zaune a Jamus. Yaya mutumin kirki ne, ba ya wasa da lamarin mahaifiyarmu. Amma ya daɗe rabonsa da damina a Kumasi, domin ƙarshen shekara yake zuwa gida, lokacin da gari ya bushe. Nan take ya kira.

"Kada kowa ya taɓa wurin nan," ya ce. "Ni zan yi wa Mma madafa ta zamani, irin wadda Turawa ke yi a lambunsu."

Washegari hotuna suka cika min waya. Dogon tebur na dutse mai sheƙi, kabad-kabad na farin katako a ƙasansa, abin gashin nama mai murfi kamar bayan mota, ciyawa shar a kewaye, ga wasu mutane suna tsaye suna dariya.

"Yaya, ina rufin?" na tambaye shi.

"Ai shi ne kyan abin. A sha iska."

"A Zango? Ka manta ruwanmu ne?"

"Ke dai kin cika musu. Nan ma ana ruwa."

Na kai wa Mma wayar. Ta sa tabaranta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ina ake zama?"

Na ce a tsaye ake girkin.

"A tsaye," ta maimaita. "Tuwon gidan nan kaf, a tsaye."

Duk wanda ya taɓa tuƙa tuwo ko banku na babban gida ya san abin da take nufi. A ƙasa tukunya take, kana kan 'yar kujera, ka maƙala ƙarafa biyu a kunnuwan tukunyar ka take su da ƙafa don kada ta motsa, sannan ka ja muciya da ƙarfin jikinka duka. Na bayyana wa Yaya haka, kamar ba da tuwon nan ya girma ba. Ya ce zai duba ko akwai injin da ke yi.

Ana cikin wannan, girki ya dawo barandar ɗakinmu. Kurfoti biyu, murhun gawayi ke nan, da tukunyar gas a wurin da mutum biyu ba sa wucewa sai sun karkace. Irin zafin nan namu da ba rana ce ke ƙona ka ba, iskar ce kanta take jiƙe, ka yi wanka ka fito kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa. Ina tsugune gaban gawayi, gumi yana shiga min ido, hayaƙi yana shiga ɗakuna. Har hijabin da nake salla da shi warin soyayyen kifi yake.

Sai kuma Kawu. Ƙanin mahaifinmu ne, tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, yana karantar da Alƙur'ani a zaure. Bai ce kada a gina ba. Da ma haka ya ce, da na san inda na tsaya. Na auna kusurwar gabas da igiya na kafa turaku, ya ce nan ake ɗaure ragon layya tun zamanin kakanmu. Na koma yamma, ya ce hayaƙi zai dinga shiga tagarsa ya ɓata masa littattafai. Na dawo tsakiya, ya ce in an yi suna ko sadaka ina mata za su zauna? Duk inda na kafa turaku, da safe in tarar an cire su an jingine a bango.

"Kawu, wa ya cire?"

"Kada wani ya yi tuntuɓe, 'yata. Ki yi haƙuri, a yi shawara tukuna."

Da wa za a yi shawarar, bai taɓa faɗa ba.

Yaya kuwa bai jira an tsayar da wuri ba. Akwai wani abokinsa na makaranta, mai walda a Suame Magazin, unguwar makanikai, ya ce in je in same shi. Na shiga tirotiro, ƙaramar bas ta haya, na tafi, na yi ta ratsa gawar motoci da baƙin mai har na same shi. Masta ake ce masa, kowa haka yake kiransa. Ya duba hoton sau ɗaya ya mayar min da waya.

"Hajiya, ki bar min komai. Ƙarfe za mu yi tun daga sama har ƙasa. Gara ta zo ta ci mu gani."

Na ce ya zo ya auna wurin tukuna. Ya ce ya san gidan, ya sha cin waken Mma yana yaro.

Ƙaton tebur na ƙarfe da ya kawo a bayan wata tsohuwar mota ya ƙi shiga ƙofar zaure. Aka juya shi ta tsaye, aka juya ta kwance, ya ƙi. Dole aka tsayar da karatu, aka tara mazan unguwa suka ɗaga shi ta saman katanga, mata suna leƙe ta tagogi suna ba da shawara. Aka ajiye shi a tsakiyar bayan gida, tunda har lokacin ba a san inda zai zauna ba. Ruwa ya yi ta dukansa. Kafin wata ya zagayo ya koma ja kamar manja. Na kira Masta, ya ce fenti kawai yake so. Ya aiko aka shafa a ranar da iska ke ɗigar laima, fentin ya ƙi bushewa, ya yi ta kama zanen duk wadda ta gifta. Da ya bushe kuma tsatsar ta huda shi ta fito.

Ban gama da wannan ba sai ga kabad. Yaya ya yi magana da wani kafinta ta waya, bai ko sanar da ni ba. Farare tas, irin katakon nan da ake matsewa daga dusar katako. Gaskiya sun yi kyau ranar da suka zo. Mma ta sa aka jera su a baranda, inda da ma babu wuri, ta zuba garin masararta a ɗaya. Ruwa bai taɓa su kai tsaye ba, iskar kawai suka sha. Suka kumbura kamar burodin da aka jiƙa. Ƙofofin suka ƙi rufuwa, wanda ya rufu ya ƙi buɗewa. Fumfuna ta yi musu kore a ciki, garin ya dunƙule ya yi tsami, kyankyasai suka samu gida.

Da na gaya wa Yaya, sai ya ce, "Matsalarku ke nan, ba ku iya kula da kaya ba."

Ana ruwa a lokacin, irin mai zuwa a karkace. Na mayar da kiran na bidiyo, na cire takalmi, na fita bayan gida. Na nuna masa ruwan da ya kai min idon sawu, na nuna ƙarfen Masta yana zubar da jan ruwa, na nuna bangon da ya jiƙe har rabi, na juya wayar na nuna masa fuskata.

"Ga lambun, Yaya. Ga inda za a tsaya a yi dariya."

Can ya ce, "Wai har yanzu ba a gyara kwatar nan ba?"

Na kashe wayar. Kwanaki ban ɗaga kiransa ba, har ya kai ƙarata wurin Mma. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Yayanki ne, ki ɗaga masa waya." Ta ɗan gyara ɗankwalinta. "Ki ce masa to. Sannan ki yi abin da kika ga ya dace."

Ruwa na gaba da aka yi, na ɗauki lema na je na tsaya a ƙofar Kawu na roƙe shi ya fito. Ya fito yana tattare rigarsa. Bayan gidan duk ya zama tafki, in ban da wuri ɗaya mai ɗan tudu: kusurwar gabas, gindin turken rago.

"Ragon fa?" ya ce.

"Kawu, rago sau ɗaya yake zuwa a shekara. Tuwo kullum ne."

Ya kalli ruwan, ya kalle ni, ya ce, "Ku yi. Amma ba da yawuna ba." Ya koma ɗaki.

Na samo birkila a nan unguwa, na zauna a kansa daga farko har ƙarshe. Aka ɗaga daɓe sama da inda ruwa ke kaiwa. Aka yi rufi mai tsayi, bakinsa ya fito sosai, aka bar kafa a sama don hayaƙi. Ɓangaren da ruwa ke bugowa aka ja bango da bulo mai huji, iska ta shiga, feshi ya ragu. Maimakon kabad aka zuba kantoci na siminti marasa ƙofa. Mma ta samu murhunta a ƙasa, ni na samu wurin gas a sama. Ƙarfen Masta aka yanka shi aka yi ginshiƙai, aka kankare, aka jira rana ta buɗe kafin a yi fenti. Ya zo ya gani, ya ce da ma abin da ya yi niyya ke nan tun farko.

Ba zan ce komai ya yi daidai ba. Birkilan ya karkata daɓen ba daidai ba a gefe ɗaya, har yau sai na share ruwa da tsintsiya. A kan tayil kuma na sakar wa Yaya, don kada a ce ban ɗauki ko ɗaya daga shawarwarinsa ba. Ya zaɓi mai sheƙi. Da ɗan danshi ya taɓa shi sai santsi, Mma ta kusa faɗuwa da tukunyar miya a hannu. Yanzu tabarmar roba ce a shimfiɗe a kai, babu mai ganin sheƙin.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, madafar ta zama wurin da ya fi ko'ina iska a gidan. Wata azahar na fito da kayan miya, na tarar da Kawu ya shimfiɗa buzunsa a gefen kantar siminti yana jan carbi. Na gaishe shi, na ɗauka na ranar ne kawai. Bayan 'yan kwanaki ya zo da abokinsa. Yanzu dattawa ne ke taruwa a nan kullum tsakanin azahar da la'asar, da butocinsu da rediyonsu, daidai lokacin da nake ɗora abincin dare. Ba dama in ɗaura zane a ƙirji saboda zafi, sai in yi girki da mayafi. In zan ɗauko gishiri sai na ce a gafarce ni.

Jiya ina soya shito, baƙar miyar barkonon nan tamu, yaji ya tashi, dukansu suka kama tari. Na ce a raina yau dai za su tashi. Kawu ya goge idonsa da bakin rawani, ya matsa da buzunsa kaɗan, ya leƙa kaskon.

"'Yata," ya ce, "albasar nan ba ta yi kaɗan ba kuwa?"