Auta da Katako Mai Rami Tara

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce, "Yaya, Auta ta cika." Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Na ajiye wayar, har yau ban gama gane abin da ya faru ba.

Ke ce autar gidanmu, ke ce maɗinkiya. Da makarantar da na yi wa koyarwa shekara talatin ta sallame ni ba ko na gode, abokan karatuna suka daina ɗaga wayata, ke kaɗai kika ci gaba da zuwa. Ki kwashe rigunana ki juya musu wuya, ki dawo da su a goge, kina cewa, "Malami ko ya faɗi, kada wuyan riga ya tona masa asiri."

Sai allura ta fara suɓuce miki, ƙafa ta fara ja. Likita ta ce garkuwar jikinki ce ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera da wayar wuta. Aka sa ki cikin wani binciken magani. Duk wata uku a ɗebi jini, a ɗauki hoton kai, a ba ki katako mai rami tara ki jera 'yan sanduna ki cire, ma'aikaciya tana riƙe da agogo.

Ni kuwa da na ji an ce gwaji, sai tsohuwar sana'a ta motsa. Na sa kafinta ya yi mana irin katakon. Kullum da yamma ina riƙe da agogo, kina jerawa. Na koya miki dafe gwiwar hannu a jiki don rawar hannun ta ragu, na sa ki huta kwana biyu kafin ranar asibiti. Kika ce, "Yaya, wannan fa satar amsa ce." Na ce shiri ne. Kika yi dariya kika ci gaba, ina jin don kin ga na samu abin yi.

Makinki bai taɓa faɗuwa ba, ba a kuma canza miki magani ba. A gida kuwa cokali na faɗuwa, ruwa na sarƙe ki, har ciwon ƙirji ya kwantar da ke.

Makon jiya na je na faɗa wa likita gaskiya. Ta ce, "Baba, jini da hoto ba a yi musu shiri, su ma ba su nuna sabon abu ba. Ciwon nan yana da wata tafiya ta ɓoye da muke kan neman ganewa." Na ce da makin ya faɗi, da kun canza maganin? Ta ce wataƙila. Da ta rayu? Ta ce ba ta sani ba. Duk karatuna, na rasa ko wanke ni ta yi ko kama ni.

Allah Ya jiƙan ki, Auta, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Ina yi wa mijinki da 'ya'yanki ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Ku kuwa iyalinta, kun ɗauka likita ce ta ba da katakon nan na gida don motsa hannu. Ni ne. Na kasa faɗa muku baki da baki. In da hali, ku yafe mini.