Kwana Huɗun da Balkisu Ta Ƙi Gyarawa

Balkisu matar Badamasi ba ta karɓar uzuri, kuma ba ta taɓa yin kamar tana karɓa ba. In mutum ya fara yi mata bayanin abin da ya hana shi, sai ta tsaya tana kallon bakinsa har ya gama, sannan ta ce, "To, amma dai ba ka zo ba." Haka take yi wa mijinta, haka take yi wa mai kawo gawayi, haka ta yi wa limamin layinmu ranar da ya makara wajen raɗin sunan ɗiyarta. Duk unguwarmu ta New Bell an san ta da wannan hali. Ni na fi kowa sani, don bangon katako ɗaya ne ya raba gidajenmu shekara ashirin da shida, kuma benci ɗaya muka zauna a kolej, wato sakandare, kafin ni in bari a aji huɗu.

A nan aka haife ta, kamar ni. Ita ta ƙarasa karatun, ta zama malama a wata ƙaramar makarantar firamare mai zaman kanta a bayan kasuwa, inda yawancin 'ya'yan layinmu suke zuwa. Yara Madam suke ce mata, ni kuwa Balki. Doguwa ce, siririya, tana tafiya da sauri kamar an aike ta. Ba ta iya girki sosai ba, kuma ba ta damu ba.

A 1991 gari ya rikice. Shekarar da ake kashe gari ke nan daga Litinin zuwa Juma'a: ba kasuwa, ba taksi, samari na ƙona taya a mararraba, sojoji na bin su. Asabar da Lahadi kaɗai ake buɗewa, kowa ya ruga ya sayi abin da zai ci mako. Mai makarantar su Balkisu dama ya gaji. A watan huɗu ya sa kwaɗo a ƙofa ya tafi garinsu, bai bar wa yaro ko ɗaya takardar da za ta nuna ajin da ya kai ba. Badamasi ma an sallame shi daga ofis a wannan shekarar, yana zaune gida yana jin rediyo.

Mako biyu Balkisu ta yi tana kallon yara suna yawo a bakin kwata. A na uku ta fitar da tabarmi tsakar gidanta, ta sa Badamasi ya shafa wa wani falankin katako baƙin fenti, ta aika gida gida cewa duk ɗan ajinta ya zo gobe ƙarfe bakwai da rabi. Yara goma sha tara suka zo, har da 'yata Asta, mai shekara goma sha uku, da Sharifa ɗiyar Balkisu.

Ranar farko ta buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango, ta ja layuka da rula, ta jera sunaye, ta sa kwanan wata a sama. Kullum bakwai da rabi daidai za ta miƙe tsaye ta kira suna, sunan uba kafin na yaro, yadda ake yi a lakol, makarantar boko. Wanda ya amsa, ta ja masa sanda da shuɗin biro. Wanda bai amsa ba, ta zana masa sifili da ja. In ta rufe littafin ta rufe. Wanda ya shigo bayan nan zai zauna ya yi karatu, amma sifilinsa na nan. Wata safiya Sharifa na makewayi aka kira sunanta, muna jin ta ta bango tana amsawa daga can, uwar ta ce ba ta ga fuska ba, ta zana mata ja. Badamasi ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce wa zai duba littafin nan, gwamna? Ba ta kula shi ba. Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya fara shiga gidaje, sai ta riƙa naɗe littafin a leda tana ɗora shi kan kabad. Rannan ruwa ya kai idon sawu a tsakar gidan, ta kira suna a tsaye cikinsa, yaran suna tsugune kan benci.

Mu iyaye, gaskiya, mun ɗauki abin wurin ajiye yara ne kawai. Muna jin daɗi ba sa kan titi. Littafin kuwa mun ɗauke shi cikin halayen Balkisu, kamar saurin tafiyarta.

A watan bakwai ƙanwata Hapsatu ta haihu a unguwar Sodiko, can ƙetaren gada. Haihuwar fari ce. Uwarmu ta rasu, ni ce a matsayinta, kuma bisa al'ada gidana ya kamata ta zo ta yi wankan jego na kwana arba'in. Amma ɗakina ruwa ke kwana a ciki, ba wurin ajiye jariri ba ne. Akwai wata gwaggon mijinta da za ta riƙa yi mata wankan, sai dai tsohuwa ce, ba ta iya ɗebo ruwa da hura wutar tukunya safe da yamma. Ni kuma ina da ƙanana uku. Wata Asabar na haɗa wa Asta kaya, na kai ta Sodiko, na dawo. Ban shiga na gaya wa Balkisu ba. Na ɗauka za ta ji a layi, kuma ta ji.

Asabar ta uku muka haɗu a kasuwa, wajen masu busasshen kifi, mutane na ture juna. Ba ta tambayi mai jego ba. Ta ce min sifilin Asta ya kai goma sha biyar, in je in ɗauko ta yau tunda hanya a buɗe take. Na ce arba'in ba ta cika ba. Ta ce a nemi wata. Abin da na ce mata ina tune da shi kalma kalma: "Balki, makarantar tsakar gida ce fa. Ki bar ɗaukar kanki kamar minista." Ta dube ni, ta ɗauki kwandonta ta wuce. Ba ta sake yi min maganar ba.

Asta ta dawo bayan arba'in da sabon zane da Hapsatu ta ba ta, ta koma kan tabarma. Yarinya ce mai kai. Cikin mako biyu ta kamo sauran, a lissafi ma ta wuce su.

Da aka fara komawa makarantu a ƙarshen shekara, Balkisu ta ɗauki littafinta ta je wajen darektan wata firamare da ke kusa da mu. Ta roƙe shi ya karɓi yaran a ajin ƙarshe, ajin da ake zana jarrabawar satifiket da ta shiga kolej. Mutumin ya juya littafin shafi shafi, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba ko a makarantarsa. Ya ce ya yarda: duk wanda ya halarci kashi uku cikin huɗu na kwanakin zai shiga ajin ƙarshe, sauran su koma aji na baya. Ya kuma ce shi ba zai zauna ƙirga ba, ta je ta rubuto masa sunaye ta sa hannu.

Kwana ɗari da goma ta koyar. Ana neman tamanin da uku. Asta na da saba'in da tara. Sifilinta talatin da ɗaya ne, ashirin da tara na Sodiko, biyu na makara, ranakun da na aike ta famfo da safe. Balkisu ta rubuta sunaye goma sha bakwai. Ɗaya yaron da ya rage iyayensa sun riga sun koma arewa. Sai Asta.

Ba maimaita aji ne ya dame ni ba. Darektan ya faɗa mata, ita kuma ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye, cewa in Asta ta koma baya, kafin ta kai jarrabawar shiga kolej shekarunta sun wuce waɗanda ake karɓa.

Na shiga gidanta da la'asar, takardar na kan tebur ba ta kai ba tukuna. Na ce kwana huɗu ne, Balki. Na ce mutumin nan da bakinsa ya ce ba zai ƙirga ba. Na ce biyu daga ciki ma yarinyar ta zo, kin koyar da ita, kin duba mata aiki. Ta ce ko an cire biyun, saura biyu. Badamasi daga ƙofar ɗaki ya ce, "Haba Madam, 'yarki ce fa." Ta ce masa ya koma wajen rediyonsa.

"Mero," ta ce, "mutumin nan ya karɓi yara goma sha bakwai ne don ya yarda littafin nan ba ya ƙarya. In na sa ta, ranar da wata uwa ta buɗe baki a kasuwa, duka za a kore su."

"Wace uwa? Duk layin nan sun san jego ta je."

"Shi ya sa. Duk layin sun sani."

Na ce mata da Sharifa ce da ta gyara. Ta ce da Sharifa ce da ba ta je Sodiko ba. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ta bari na gama, ta ninke takardar, ta sa a jaka.

Ko tana da gaskiya game da korar yaran, ban sani ba har yau. Ina ganin da ta ƙara suna ɗaya ba wanda zai tanka. Ina kuma ganin ba tsoron kasuwa kaɗai ne ya hana ta ba, hannunta ne ba zai iya mai da sifili sanda ba. Amma ni ce na kai yarinyar ƙetaren gada, ni ce aka tare a wajen masu kifi aka gaya wa.

Asta ta shiga aji na baya, ta fi kowa tsawo, yara na ce mata mama. Wata uku ta yi ta ce ba ta komawa, ban matsa mata ba. Ta koyi ɗinki. Tana da shekara ashirin ta auri Jibirilla, direban babbar mota a unguwar Bassa, mutumin kirki da ita ta zaɓa. Ba ta wahala fiye da sauran mata ba. Sharifa kuwa tana aiki a wani ofis a unguwar Bali, in sun haɗu a biki suna gaisawa da kyau. Cikin goma sha bakwai ɗin nan, goma sha ɗaya sun shiga kolej.

Ni da Balkisu shekara goma sha ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana. A duk shekarun nan na bar Asta da sanin cewa Madam ce ta hana ta. Ban taɓa gaya mata zancen kasuwa ba. Balkisu ma ba ta gaya mata ba, ko da yake Asta ce ke ɗinka mata kaya daga baya. Asta za ta fara jin sa ne in ta karanta wannan.

Rasuwar Badamasi ce ta sa muka koma shiga gidan juna. Ba wadda ta ba wata haƙuri. Ta ci gaba da koyarwa a makarantu biyu ko uku har ciwon suga ya kama mata ƙafa, ta daina fita.

Wata huɗu kafin ta rasu ta aika aka kira ni, da Hapsatu, da surukar Asta. Tana zaune a kujera, ƙafar na kan bokiti a kife. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce ta bincika, babba ma yana iya zana satifiket daga gida, ba ruwan jarrabawar da shekaru. Ta ce ta yi wa Asta maganar ranar da ta zo gwada mata riga, Asta ta ce tana so, amma yara huɗu da keken ɗinki ba za su bar ta ba.

Sai ta faɗi abin da take nema a wurinmu, duk muka ce to. Mako biyu muka yi muna riƙe wa Asta yara karɓa-karɓa, sai ni gwiwa ta tashi min, Hapsatu ta ce Sodiko da nisa, surukar ta tafi biki Ngaoundéré ta yi wata guda. Asta ta je ɗaukar karatu wajen Balkisu sau tara. Ba ta zana ba. Abin da Balkisu ta nema a wurinmu ranar nan bai fi wannan ba:

"Ba kyauta za ku yi mata ba, bashinta ne, ku da ni muka ci. Ku karɓar mata yaran nan daga azahar zuwa la'asar, kwana biyar a mako, wata shida. Ku raba kwanakin a tsakaninku yanzu, ina ji."