Yadda takarda ta mai da ni ƙanen ubana

A takardar ƙidayar da aka yi zamanin soja, ni ƙanen ubana ne. Jikata mai tono tarihin gidanmu ta gani ta yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Ni ne ɗan fari, kuma a ƙauyenmu, can bayan Gozaki, iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, balle su nuna shi gaban mutane. Tun yaye aka kai ni gidan kakana. Da malamin ƙidaya, wani baƙo daga kudu, ya tambayi babana 'ya'yansa, sai ya lissafa uku ya tsallake ni don kunya. Malamin ya tarar da ni gidan kaka, ya rubuta ni cikin 'ya'yan tsohon. Magatakardan dagaci ya kwafe ya jefa a akwati.

Bayan shekaru baba ya rasu, ya bar gonar auduga. Ƙanena mai bi mini ya tono takardar nan. Ranar da na fita huɗa ya tare ni a bakin gona, yana kaɗa mini ita a fuska.

"Baffa," in ji shi, "mi ya kawo ka gonar gadonmu?"

Ya fi kowa sanin ƙarya ce. Ni kuwa zuciya gare ni kamar ta kuturu. Na shaƙe shi har idonsa ya firfito. Ya zaro lauje ya sare ni a goshi, jini ya rufe mini ido. Na laluba ƙotar garma na sauke masa a hannu da iya ƙarfina. Ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen kara.

Jina-jina aka kai mu gaban dagaci, aka kira Inna.

"Baiwar Allah, wanga ɗanki ne ko kuwa?"

Wallahi a lokacin na manta da gona. So nake in ji ta faɗa, ko sau ɗaya. Jini na ɗiga daga haɓata, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce:

"Ranka ya daɗe, a tambayi ungozoma."

Ungozoma ta ba da shaida, aka raba gona, na sami kasona. Inna ta kama ƙanena ta tafi da shi wajen mai ɗori. Ni ɗanyen ganye na tauna na danna a goshina, na bi su a baya. Na san al'ada ce, na san tana sona. Amma har muka isa gari ina jira ta waiwayo, ba ta waiwayo ba.