Rabin Tsuntsu a Rafin Ntoum

Wata Lahadi cikin watan Nuwamba, ina 'yar shekara tara, na kwanta rub da ciki a bakin wani rafi bayan garin Ntoum, tururuwa na cizona, an kuma hana ni motsi. Babana mai ɗaukar hoto ne a unguwar Lalala, nan ƙasar kudu da muke zaman ci-rani, na fasfo da na biki. Ran nan ya rufe shago muka shiga taksi, saboda wani direba ya ba shi labarin 'yan tsuntsayen da ke sauka a kurmin bakin rafin idan daminar ƙasar nan ta kankama. Baba ya ce irinsu ne ke yada zango a gonarsu ta Tasawa kafin su yi kudu. Ya daɗe rabonsa da gida, yana son ya ga ko su ɗin ne.

Su ne kuwa. Ba su cika tafin hannuna ba, bayansu ruwan ƙasa, ƙirjinsu ɗorawa-ɗorawa, suna tsalle daga reshe zuwa reshe suna tsintar ƙwari. Ba sa zama ko na ƙiftawar ido. Mutumin da ya saba ce wa amarya "ɗaga haɓa kaɗan" ta ɗaga, sai ga shi yana lallashin tsuntsu. Ya yi ta dannawa har saura hoto ɗaya a fim ɗin, gumi ya jiƙa masa riga. Sai ya miƙo mini kyamarar.

"Hadiza, gwada naki hannun."

Na riƙe numfashi har ɗaya ya sauko shan ruwa, na danna. Muka ci burodi da sardin a kan gungume, muka koma gida kaca-kaca da laka, Inna ta hana mu shiga ɗaki sai da muka wanke ƙafa.

Da aka wanke hotunan, nasa duk ganye ne. Nawa ya kama rabin tsuntsu, kai da fiffike guda. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya aika wa kakata kwafinsa ta hannun masu tafiya gida. Ta aiko a gaya mini ta gane shi.

Yanzu gidajen bulo sun matso bakin kurmin, rafin ya ƙanƙance. Baba ya koma Tasawa da zama, idonsa ya yi rauni. Nakan je ni kaɗai, wayata ta ɗauki tsuntsu ya fito tsaf har ƙwayar ido. Sai dai babu wanda zan taɓa a kafaɗa in ce wa, "Ga shi can."