Bunsurun Gwaggo da Gwajin Jini

Wata Lahadi ce da hantsi, ranar kasuwar Illela, a shekarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu. Mu uku ne a garken gidan gwaggona: ita, da wani likitan dabbobi, da ni riƙe da rikoda. Abin da aka yi a gabana ran nan ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina shirya wa gidan rediyo shirin manoma da makiyaya. Likitan kuwa gwaji yake gudanarwa. Yana haɗa jar akuyarmu ta Sakkwato, mai kyan fata, da dogon bunsurun Buzaye na tsallaken iyaka, ko a sami irin da zai haɗa kyan fata da girman jiki. Ba shi da gona, sai ya raba aikin a gidajen mata masu kiwo, daga Illela har Kalmalo. Gidan gwaggo na ciki.

Dokarsa a fili take. An ɗebi jinin kowace uwa da kowane uba tun farko. In aka haihu, a ɗebi na ɗan, a kai birni a auna. Akwai alamu a cikin jini da ɗa ba ya samunsu sai daga uwa ko uba. Ya taɓa gaya mini cewa kafin ya yarda da kowane sakamako sai ya tace shi tukuna. Duk garken da 'ya'yansa suka fito da alamar da iyayensu ba su da ita, ya fita daga gwaji, domin ko dai baƙon bunsuru ya shigo, ko kwalabe sun cuɗe. Bunsuran wannan garke kuma a dandaƙe su, kada su ɓata irin maƙwabta. Har yau ban ga aibin dokar ba.

Gwaggo tana da bunsuru guda daga wannan haɗi, ja, dogo, mai faɗin ƙirji. Cutar majina da zawo da ta share awakin unguwa bayan fari ta bi ta kansa ta wuce. Mata har daga Lafani suna aiko mata da goro, suna kama layin barbara.

A Lahadin nan likita ya tsuguna ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, jinin 'ya'yan garkenki bai bi na uwayensu ba. Har da na wannan."

Ta ce, "Mi kac ce, ɗana? Bunsurun ga, a hannuna anka haihe shi. Ko kai ban san uwarka ba kamar yadda nis san tashi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ya sake bayani a hankali, ya ce in ta ƙi ba zai tilasta mata ba, amma irin sauran mata zai gurɓace. Ta dubi bunsurun ta daɗe. Ta ce, "Ba ni ɓata wa mutane dabbobi. Yi aikinka." Ta shige ɗaki. Ni na riƙe ƙahonin. Ba a daɗe ba aka gama dandaƙe shi.

Bayan 'yan makonni na koma in ɗauki hirar yadda mata suka yi da dabbobinsu lokacin fari. Gwaggo tana tankaɗe tana magana. Ta ce da uwaye suka fara mutuwa, ba ta bar maraya ko ɗaya ba. Sai ta jiƙa gishiri da kanwa ta shafe ɗan, ta tura shi gaban wata akuya mai nono. In ta lashe shi, shi ke nan, ya zama nata. Ta ce, "Kowa haka yaka yi. Shi kanshi jan nan, uwarshi kwana kaɗan tay yi."

Ban ji komai a maganar ba sai dabarar kiwo mai kyau, na sa ta a shiri. Likita ne ya ji ta a rediyon motarsa. Ranar kasuwa ta gaba ya zo mini gida, bai ko zauna ba. Ya ce ma'aikatansa mako-mako suke zagaya gidaje, kuma akuyar da suka ga ɗa yana tsotsa, ita suke ɗauka uwarsa. Babu wanda ya yi ƙarya. Su sun faɗi abin da suka gani, ita kuma ba ta ga abin faɗi ba a cikin abin da kowace mace ke yi.

Ya gwada jinin bunsurun da na akuyar da ta mutu, wanda aka auna tun farkon aiki. Ya dace tsaf. Haɗin da yake nema ke nan tun da ya fara.

Da kansa ya je ya gaya mata. Ta ce, "To, Likita, ana iya gyara shi?" Ya ce a'a. Ta ce, "Allah Shi sa haka ya fi alheri," ta kawo masa fura. Bai iya sha ba.

Abin da na koya shi ne, rariya ba ta san dalili ba, ita dai ta raba. In sakamako ya saɓa wa tsammani, kafin a zubar da shi, kuma tun kafin a yi abin da ba ya gyaruwa, a je a tambayi masu abin yadda suke yi da shi. Likita ya mayar da garken gwaggo cikin gwaji, amma ba a sake samun irin wancan bunsuru ba. Da Babbar Sallah ta zo, da shi ta yi layya.