Sabon Akumari da Kwamfutar Saratu

Da mutum yana iya goge abin da hannunsa ya aikata, da na goge ranar da na ɗauki kwamfutar ɗiyata Saratu na kai kasuwar Bodinga. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi, kuma da kaina na fi jin haushi, don tun ina yaro aka ja mini kunne.

A Mandera na tashi, hannun kakata Inna Tumba. Lokacin ɗari, bayan sallar isha'i, sai ta hura wutar kara a tsakar gida, mu kewaye ta muna gasa dankali a toka. Ba ta ƙaunar mai gyangyaɗi. "Kai Bello, buɗe ido, ba da katanga nika magana ba!"

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani manomin albasa yana da jaki mai biyayya. Ran nan ya sayo sabon akumari, ya ɗora masa, ya aza buhuna. Jaki ya yi taku kaɗan ya tsaya cik. Mutumin ya hau duka. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, jiya lahiya lau yat tahi. Mi kas sake?" Bai ko dube ta ba. Ya yi ta jibgar jakin har ya faɗi, ƙafa ta karye. Da aka sauke kaya sai aka ga akumarin ya ci masa baya har jini. Tsohon akumarin kuwa yana nan rataye a zaure.

A nan Inna takan doka sanda a ƙasa. "Sakarai! Jakin ga mi yay yi mai?" Mu kuwa dariya kawai muke yi.

Bara Saratu tana shirin jarrabawar neman aiki, wadda ake yi ta intanet, kuma dole sai da kwamfuta. Ta sabunta wani abu da ta kira kanel, wato zuciyar manhajar. Tana sake kunnawa, intanet ya ɗauke. Waya tana kamawa, kwamfuta ko alama. Ana cikin haka aka aiko da rasuwar gwaggonta a Shagari. Tana ɗaura gyale ta ce, "Baba, kada a taɓa ta. Katin cikinta da ka kama intanet lahiya lau yake, sabon kanel ɗin na bai san shi ba. Tsohon kanel ɗin na nan ciki, in na dawo shi zan zaɓa wurin kunnawa."

Na ce to. Amma a raina na ce yarinya me ta sani? Abu ya mutu, a canza shi. Na kai wa wani mai gyaran waya. Bai tambaye ni abin da aka yi mata kafin ta tsaya ba, ni ma ban faɗa ba. "Alhaji, kati ya ƙone," in ji shi, alhali bai ko kunna ta ba. Ya sa sukurdireba ya ɓamɓare bayanta, na ji ƙas. Daga nan ko haske ba ta ƙara kawowa ba. Wai kuma in biya kuɗin aiki! Saura kaɗan in shaƙe shi.

Saratu ta dawo da safiyar jarrabawar. Ta danna, ta sake dannawa. Ta juya bayan kwamfutar ta ga tabon ƙarfe. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, ai na roƙe ka." Muka zaga neman aro, kafin a samu an rufe shiga jarrabawar.

Na daɗe ina zaton Inna tausayin dabba take koya mana. Ashe maganarta kan masu garaje ce, waɗanda ba su tsayawa su tambayi abin da aka canza kafin abu ya lalace, ba su kuma jin maganar wanda suka raina.

Don Allah, in na'urar ɗanku ta tsaya bayan an sabunta ta, ku bar masa abinsa har ya dawo. Saratu na nan gida tana ɗinki, tana jiran a sake buɗe ɗaukar aiki. Tana gaishe ni kullum da ladabi, amma ɗakinta yanzu da kwaɗo take barinsa.